Sitikar Da Ke Ɗagowa Daga Jikin Roba: Laifin Zane Ne, Ko Na Mai Bugawa?

Wata baiwar Allah mai haɗa sabulun ruwa da man gashi ce ta aiko da tambaya. Ta ce ita ta zana sitikar kayanta a waya, ta tura wa mai bugawa ta WhatsApp. Da aka kawo aikin sai ta ga shuɗin da ta zaɓa ya dushe ya koma kamar shunayya, ƙananan rubutun sun yi dishi-dishi, kuma ba a rufa sati biyu ba gefen sitikar ya fara ɗagowa daga jikin robar. Tana son sanin laifin wane ne, sannan ko gara ta sayi firinta ta riƙa bugawa da kanta.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Matsaloli uku kika kawo, kuma ko da yake tare suka faɗo miki, kowace da inda ta samo asali. Zan fara da ɗagowar, domin ita ce ta fi cin kuɗi, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Yawancin mutane daga zane suke fara tunanin sitika. A wurina daga jikin abin da za a manna ta ake farawa, zane ya biyo baya.

Ɗauki sitika guda ki ɓare ta a hankali ki duba. Akwai fuskar da aka yi bugu a kai, akwai gam a bayanta, akwai kuma takardar nan mai santsi da ake cirewa a jefar, wadda aka shafe da silikon don kada gam ɗin ya kama ta. Idan aikin mai kyau ne, akwai hawa na huɗu a sama, wato siririyar ledar kariya da masu bugu ke kira laminashan. Gam ɗin sitika ba irin wanda ke bushewa ya sandare ba ne. Kullum a ɗanye yake, dannawa ce ke sa ya malala ya shiga ƙananan ramukan da ke jikin abin da aka ɗora shi. Wani Ba'amurke, Stanton Avery, shi ya fara fitar da irin wannan takarda mai manna kanta a Los Angeles a 1935. Kafin nan sai an jiƙa bayan takarda kamar kan sarki. To tunda aikin gam ɗin malala ne, duk abin da ya hana shi malala ya hana shi kamawa.

Juya robar sabulunki ki dubi gindinta. Za ki ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Idan 1 ce, robar PET ce, irin mai haske kamar gilashi, kuma ba ta cika gardama da gam ba. Idan kuwa 2 ce, ko 4, ko 5, kin haɗu da robobin da gam na yau da kullum ke shan wuya a kansu, kuma su ne aka fi zuba sabulu da man gashi a ciki. Ɗiga ruwa a jikin irin wannan roba ki gani: ba ya shimfiɗewa, dunƙulewa yake yi ya gangare. Yadda ta ƙi ruwan, haka take ƙin gam. Ga irinta akwai gam na musamman mai ƙarfin kamu, kuma mai bugawa ba zai san kina bukatarsa ba sai kin faɗa masa, ko kin kai masa robar ya riƙe a hannunsa. Ni na fi son a kawo mini robar. Magana a waya ba ta nuna mini ko jikinta na da santsi ko yana da ɗan kaushi, ko tana matsuwa in an danna.

Sai kuma maiƙo. Wanda ke zuba mai a kwalba da wuya hannunsa ya rabu da maiƙo, kuma ɗan abin da ya rage a yatsa ya isa ya kashe gam a daidai wurin da aka taɓa. Wurin da ake taɓawa kuwa shi ne gefe, shi ya sa daga gefe ɗagowar ke farawa. Ko sabuwar roba ma da ba a zuba komai a ciki ba takan zo da ƙura da ɗan santsin masana'anta. Ki goge wurin da sifirit da tsumma mai tsabta, ki bari ya bushe, ki manna kafin ki zuba kaya in da hali. Ki fara ɗora tsakiyar sitikar, ki bi da babban yatsa zuwa gefe, ki danna gefen sosai. Daga nan ki ƙyale ta. Gam ba ya kai ƙarshen ƙarfinsa a take, yakan ɗauki awa 24 zuwa 72. Wanda ya manna da safe ya jera a kwali suna gogar juna da rana, ko ya saka a firji, bai ba shi wannan damar ba. Kada kuma a manna a jikin kwalba mai sanyi da ke gumi. A kan ruwa aka manna, ba a kan kwalba ba.

Siffar robar ma tana da tata rawar. Sitika mai kauri, in aka naɗa ta a siririyar kwalba, tana ta neman komawa miƙe, sai ta rinjayi gam ɗin ta ɗago. Kwalbar da ake matsawa kafin sabulu ya fito tana bukatar leda mai laushi da za ta lanƙwasa tare da ita, in ba haka ba ta yamutse. Wadda kuma samanta ya fi ƙasanta faɗi, ko akasin haka, ba ta karɓar sitika mai miƙaƙƙen gefe, dole a yanka ta da ɗan lanƙwasa. Kusurwa mai tsini ita ce farkon abin da farce da kwali ke kamawa, don haka a zagaye kusurwoyin da kamar milimita 2 ko 3.

Ba ki faɗi a kan me aka buga miki ba, amma yadda kika bayyana abin, ina kyautata zaton takarda ce. Takardar sitika ba ta da aibu a inda ya dace da ita: kwali, ambulan, jakar takarda, duk abin da zai zauna a busasshen wuri. Ita ce mafi araha, biro ma yana rubutu a kanta. Amma kayan da zai zauna a banɗaki, hannu mai ruwa na ɗauka yana ajiyewa, takarda za ta sha ruwa ta gefe, ta kumbura, ta saki. Abin da ya dace da ke shi ne farar leda da ake kira BOPP, wadda ba ta shan ruwa ko mai, ita ce kike gani a jikin yawancin robobin shamfu na kamfani. Bainil kuwa, wata irin leda ce da ta fi kauri, an fi amfani da shi a jikin mota, gilashin shago da allon da zai sha rana. Shi ma kala biyu ne, akwai wanda aka murza ya miƙe, mai araha, da ke ɗan tsukewa in ya daɗe, akwai kuma wanda aka zuba ya daskare, siriri mai bin kwana-kwanar jikin mota. Wannan ba damuwarki ba ce yanzu. Ki dai san cewa in mai bugawa ya ce "mai hana ruwa ce", ki tambaye shi me ke hana ruwan, ledar ko tawadar. Sau da yawa ledar ce kawai, tawadar kuma tana wankewa.

A nan laminashan ke shigowa, kuma ga mai sayar da mai ba abin zaɓi ba ne. Mai da turare da sifirit suna cin tawada fiye da ruwa. Laminashan mai sheƙi yana ƙara wa launi ƙarfi, marar sheƙi yana ba da kwarjini kuma rubutu ya fi karantuwa a ƙarƙashin fitila, sai dai yana ɗan dusar da baƙi. In kina rubuta ranar haɗawa da hannu, ki sani biro ba ya kama leda mai sheƙi. Ki bar wa wannan wani ɗan farin gurbi ki nemi alƙalamin da ba ya gogewa, ko ki yi wata ƙaramar sitikar takarda don gindin robar.

Mu koma kan shuɗin. A nan ba lallai ne a ce kowa ya yi laifi ba. Allon waya da haske yake yin launi, yana haɗa ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Na'urar bugu da tawada take yi, kala huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ɗorawa da baƙi, wato CMYK. Haske yana iya fitar da launukan da tawada ba za ta taɓa kaiwa ba, musamman shuɗi mai ƙyalli, kore mai walƙiya da lemo mai zafi. In kika tura fayil a RGB, na'ura ce za ta zaɓa miki launin da ya fi kusa, kuma shuɗi shi ne ya fi shan kashi, yakan karkata zuwa shunayya saboda jan da ke cikinsa ya yi yawa. Masu aikin suna da wata ƙa'idar hannu: a bar jan ya gaza shuɗin da aƙalla maki 30. Misali C100 da M65, wato shuɗi maki 100 da ja maki 65, shuɗi ne zai fito, C100 da M95 kuwa kin kama hanyar shunayya. Manyan kamfanoni suna kauce wa wannan da lambobin Pantone, tsarin da aka fara tun 1963, inda kowane launi ke da lambarsa da samfurinsa a takarda. Ke ba sai kin kai can ba. Ki sa mai bugawa ya buga miki ƙananan murabba'ai na shuɗi iri shida ko takwas a kan ainihin ledar da za a yi aikin, ki fita da su hasken rana, ki zaɓi wanda ya kwanta miki, ki rubuta lambobinsa ki adana. Daga ranar wannan lambar ce shuɗinki, ba abin da wayarki ke nunawa ba. Wayoyi biyu ma in kika jera su ba launi ɗaya za su nuna miki ba.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: na'urori da yawa ba su da farar tawada. Farin da kike gani a sitika farin ledar ne. In kika ce a buga miki a kan leda mai haske kamar gilashi, duk inda kika sa fari zai fito fanko, sauran launukan kuma su yi shara-shara, launin sabulun ya ratso ta cikinsu. Sai an sami na'ura mai shimfiɗa fari a ƙasa tukuna.

Dishi-dishin rubutu kuwa, ki yi haƙuri, mafi yawansa daga ɓangarenki ya fito. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi in aka tura shi a matsayin hoto. A tura shi a matsayin fayil, ko ta imel. Amma tun kafin turawar, hoto na bukatar ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga shi. Sitika mai faɗin santimita 10 tana son fiksel, wato ɗigon hoto, kusan 1,180 a faɗinta. Tambarin da aka kwafo daga shafin sada zumunta, ko aka ɗauki hoton allo aka yanko shi, da wuya ya kai haka, kuma ja masa kusurwa don ya girma ba ya ƙara masa komai sai dushewa. Mafita ta gaskiya ita ce tambari da rubutu su zama zanen layi, wanda ake kira bekta, da ake yi a CorelDRAW ko Adobe Illustrator, ko Inkscape wanda kyauta ne. Shi irin wannan zane lissafi ne ba ɗigo ba, ko an mai da shi girman bango bakinsa na nan da kaifi. In a Canva kike aiki, ki sauke shi a matsayin PDF na bugu, kada ki sauke JPG. Biyan mai zane sau ɗaya ya mai da miki tambarinki bekta yana cikin kuɗin da ba a nadamarsa.

Ƙananan rubutu suna da nasu sharuɗɗan. Kada su gaza lamba 6 a ma'aunin girman rubutu, in kuma fari ne a kan launi mai duhu a ƙara masa girma da kauri, domin tawada na ɗan malalowa ta cinye siraran layuka. Baƙin ƙaramin rubutu ya zama baƙi zalla, K100, kada a haɗa shi da kala huɗu, saboda in kalolin suka ɗan goce wa juna sai harafi ya yi inuwa. Sannan a mai da rubutun zane kafin a tura. In kwamfutar mai bugawa ba ta da salon rubutun da kika zaɓa, za ta musanya shi da wani ba tare da ta tambayi kowa ba. Mu masu rubuta ɗ da ƙ da ɓ abin ya fi shafarmu, domin salon rubutu da yawa ba su da waɗannan haruffa, sai ki ga ƙaramin akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam da 'yan uwansa.

Ba ki yi ƙorafi kan yanka ba, amma gara ki sani tun yanzu. Wuƙar na'ura ba ta faɗawa daidai kan layi kowane lokaci, takan goce da kamar milimita ɗaya. Saboda haka launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya ja baya daga layin da kamar haka. Wanda bai bar wannan rarar ba zai ga farin zare a gefen wasu sitikun. Siririn layin ado da ke zagaye bakin sitika kuwa ina hana mutane shi, domin shi ke tona asirin gocewar: gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan ya yi siriri, ido kuma nan take yake kamawa. Yankan kansa iri biyu ne. Akwai wanda wuƙa ke yanka fuskar kawai ta bar takardar baya, sitikun su zo jere a falle ɗaya ko a naɗe. Wannan ya fi saurin ɓarewa ga mai manna ɗaruruwa. Akwai wanda ke ratsawa har baya, kowace ta fito ita kaɗai, wanda ya fi dacewa da sitikar rabawa kyauta.

Game da zanen kansa, abu ɗaya zan ce. Masu fara sana'a suna son sitika ta faɗi komai: suna, taken kasuwanci, lambobin waya uku, hoton fure, addu'a, jerin amfani goma. Mai saye daga nesan hannu yake kallon kaya, kuma cikin ɗan lokaci. Abin da yake nema shi ne sunan kayan, mene ne shi, da yawansa. Sauran su koma baya. In za ki sa lambar QR, kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, a bar mata fili fari kewaye da ita, ta zama mai duhu a kan haske, kuma kada a ɗora ta inda kwalba ta fi lanƙwasa. Lambar layi-layi ta kanti kada a yi ta da ja, na'urar karantawa mai jan haske ba ta ganinta. Hoton 'yan wasan katun ko tambarin wani kamfani kuwa haƙƙin masu shi ne, ki bar musu abinsu. Kafin ki tura komai, buga zanen a farar takarda a ainihin girmansa, ki yanka da almakashi, ki liƙa a robar da salatif, ki ajiye a kan tebur ki ja da baya taku biyu. Abin da wannan gwajin ke nunawa allon waya ba zai taɓa nuna miki ba.

Saura batun sayen firinta. Ga kayan da kike yi, shawarata ita ce kada ki saya yanzu. Firintar gida mai fesa tawada yawanci da tawadar rini take zuwa, wadda ruwa ke wankewa rana kuma ke koɗar da ita; sai kin nemi mai tawadar gari, wadda ta fi juriya. Bayan firintar kina bukatar ledar da aka yi don irin wannan tawada, da ledar laminashan, da na'urar yanka irin Cricut ko Silhouette, in ba so kike ki kwana da almakashi ba. Yi lissafin da kanki: takardar A4 milimita 210 ce da 297. Sitika mai santimita 5 a faɗi da tsawo, in an bar mata rararta, guda 15 ne za su shiga, wani lokaci ƙasa da haka saboda alamomin da na'urar yanka ke karantawa. Sitika 500 takarda 34 ke nan, kowace sai an buga, an bari ta bushe, an rufe, an yanka, ban da waɗanda za su lalace. Wannan lokacin daga na haɗa sabulu da neman kasuwa za a cire shi. Firintar kuma in ta kwana biyu ba a yi aiki da ita ba, bakin tawadar toshewa yake yi. Firinta mai leza kuwa da zafi mai tsanani take manna garin tawadarta, in aka saka mata ledar da ba tata ba sai ta narke a ciki, gam ya ɓata na'urar.

Inda firintar gida ke da rana shi ne mai kaya iri-iri kaɗan-kaɗan, wanda ke canza suna ko ƙamshi kowane mako, ko mai gwada sabon zane kafin ya kai madaba'a. Ke da kayanki biyu ne tsayayyu, madaba'a ta fi miki. Masu bugun dijital suna karɓar ɗari biyu ko uku. In kasuwa ta buɗe kika kai dubbai, akwai bugun faranti a naɗi, wanda shirya shi ke da tsada amma kowace sitika ta faɗo ƙasa sosai. Abu ɗaya kawai, kada ki tsaya a kan mai bugawa kina cewa yau-yau kike so. Tawadar manyan na'urorin bainil tana bukatar kamar kwana guda ta fitar da tururinta kafin a rufe ta da laminashan. In aka yi gaggawa, tururin ya koma ya raunana gam, kuma ke ce za ki gani bayan sati biyu.

Laifin wane ne ke nan? An raba. Fayil ɗin naki ne, amma mai bugawa da ya san aikinsa ba ya karɓar hoton WhatsApp ya danna bugu bai ce uffan ba, kuma ba ya buga sitikar sabulu bai tambayi inda za a manna ta ba. Ki koma wurinsa da robar a hannu, ki nemi samfur guda goma kafin babban aiki. In ya ƙi yin samfur ko da kuɗinki, nemi wani. Ki manna su, ki ba su kwana uku, sannan ki ajiye ɗaya a banɗaki ana amfani da ita, ki shafa wa ɗaya man gashin ki murza da yatsa, ki bar ɗaya a taga tana shan rana, ki jefa ɗaya a jaka tare da makullai. Bayan mako guda ki duba gefuna da rubutun. Sitikun da suka rage miki na farko kuma kada ki zubar; in dai takarda ce, za su kama kwalin da kike aika kaya a ciki da jakar takarda lafiya lau.